Mai Tara da Mai Takwas

Tawa, 3 ga Maris 1997

Zuwa ga jikata Debora,

Kafin in tambayi lafiyarki bari in ba ki wani labari, don kin san ni, in na fara gaisuwa sai takarda ta ƙare ban kai ga magana ba. Shekara shida ke nan, lokacin da ake babban taron ƙasa a Yamai kowa na manne da rediyo, ina zaune a tasha ina jiran saƙo, sai wani ɗan cin rani da ya dawo daga bakin teku ya ce wai can akwai na'urar da ake buɗe wa ciki, a zare ƙwaƙwalwarta, a sa mata wata sabuwa, ta tashi ba ta manta ko harafi guda ba. Na dube shi, na ga agogo biyu gare shi, kowane hannu da nasa, kuma kowane agogo da lokacinsa. Na ce masa sannu da hanya. Ban yarda ba ranar, yau ma ban ce na yarda ba. Amma ga shi maganar ta biyo ni har buro, wato ofishin da nake aiki.

Yanzu gaisuwa. Ina lafiyarki, ina aiki, ina gumin Abijan? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta shiga adawa. Matata, tsohuwa Talatu, na gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko ana samun fura a can. Rabona da ke tun jana'izar kakarki Albarka, ɗiyar baffana, kina 'yar lakwal, 'yar makarantar boko, lokacin, kin ƙi gaishe ni don na ce kanki ya fi jikinki. Ina fata kin yafe, don yau buƙata gare ni.

Kin ji na bar koyarwa. To ba a bar ni na huta ba. Ƙungiyar manoma ta ɗauke ni sakatare, ni da ba ni da gona sai zogale uku bayan ɗaki, don kawai na iya buga keken rubutu da yatsa biyu. Buronmu na duban buron ƙungiyar makiyaya, tsakar gida guda, bishiyar bedi guda. Sakatarensu sunansa Aghali, mutumin arewa da Tebaram, da Tamashek yake mafarki, da Hausa yake gardama da ni. Kullum tare muke shan shayi.

Wani proje, aikin tallafi na Turawa, ya yi shekara biyu yana auna burtali, hanyar da dabbobi ke bi tsakanin gonaki in za su arewa da damina, daga Affala zuwa Takanamat har Tebaram. Manoma da makiyaya sunka bi shi da ƙafa tare, gona-gona, anka yi jayayya, anka shirya. Ƙauye ashirin da uku. Anka zuba taswirar cikin ordinatar, wato na'urar kwamfuta, biyu iri ɗaya, guda wurinmu guda wurin su Aghali, don kada wani ya ce an riƙe masa tasa. Sai juyin mulkin bara ya zo, Turawan sunka tattara nasu ya nasu kafin a buga ta a takarda. Sunka bar mana na'urori biyu, da injin bugawa guda a burona, da waya wadda anka yanke bayan wata biyu.

Hakimai da masu gari sun sa taro a Affala ranar kasuwa ta ƙarshen Mayu, kowane ƙauye a ba shi takardarsa, a dangwala yatsa. In ba a yi ba kafin ruwan shuka, babu mai sake tara su sai da kaka, kuma manomi in ya ga ƙasa ta jiƙa ba ya tsayawa tambayar ina burtali ya bi. Bara a wani ƙauye bayan Takanamat mutum biyu sunka kwanta likita a kan haka, ɗaya har yau hannunsa bai miƙe ba.

Taswirar tana fitowa a gilashi sarai. Amma in ka ce a buga, sai na'urar ta yi shiru rabin awa kamar ɗalibin da anka tambaya tara sau bakwai, sannan ta ce ba ta iyawa. Wani masani ya biyo daga Yamai da Kirsimati, ya ce ƙwaƙwalwa ce ta yi mata kaɗan, a sayo wasu abubuwa wai su baret, a cire tsofaffin a sa su. Ya ce a gyara na'ura guda ya isa, wadda ke da injin bugawa. Ya sha shayi ya tafi. An ce mini kantin da kike aiki irin kayan nan yake saidawa. Na kwafe lambar da ke bayan na'urar, ga ta a ƙasan takarda, ban bar ko ɗigo ba. Ki aiko ta hannun Hamisu mai kamyon, babbar motar ɗaukar albasa, wanda ya kawo miki wannan.

Ki kuma gaya mini gaskiya: in an cire tsofaffin, ina taswirar za ta zauna?

Kakanki,
Istifanus

Abijan, 24 ga Maris 1997

Kaka,

Na sami wasiƙarka, har yanzu hannuna na warin albasa. Ina gwiwa, ina Inna Talatu? Ka ce mata fura a nan sai ranar Lahadi, wurin wata 'yar Madawa a unguwar Ajame, kuma rabinta ruwa ne. Ni lafiya lau. Maganar kaina ban yafe ba tukuna, muna kan shawara.

Tsoho, lambar da ka kwafe ta ekaran ce, gilashin nan da kake kallo. Na'urar kanta ita ce akwatin da gilashin ke zaune a kai. Patron ɗina, mai kantin, ya yi dariya har sai da ya nemi kujera. Da lambar nan ba za mu san irin baret ɗin da take karɓa ba, don na shekarun nan iri biyu ne, kuma sun yi kama kamar tagwaye. Shi ya sa na aiko duka biyu, ka zaɓa. Hamisu ya zo a gurguje, an riga an yi masa lodin katako, ta taga na miƙa masa ƙunshin, ban samu rubuta komai ba. Wannan takarda za ta biyo da wani direba jibi. Kada ka taɓa komai sai ta iso. Ko da yake in kana karanta wannan ai ta iso.

Ka saurara da kyau, mushe, kamar yadda 'yan lakwal ke kiran malaminsu, yau alli a hannuna yake.

In ka kwance za ka ga leda biyu, kowace da baret biyu. Ka ƙirga baƙaƙen ƙwayoyin da ke manne a jikin kowane. Leda ɗaya masu takwas ne, ɗaya masu tara. Ƙarfinsu ɗaya. Ƙwaya ta tara ba ƙari ba ce, mai gadi ce kawai da ke duba aikin sauran. Wata na'ura ba ta tashi sai da mai gadin, wata ba a yi ta da shi ba. Ka buɗe akwatin, ka ƙirga ƙwayoyin tsofaffin baret ɗin da ke ciki. In tara ne ka sa masu tara, in takwas ne ka sa masu takwas. Biyun da ke leda guda tare suke shiga. Ba a raba su, ba a gauraya su. Ledar da ta rage ka maido mini, ta kanti ce.

Sai tambayarka. Taswira ba cikin baret take ba. Tana cikin wani abu da ake kira disk, shi ne rumbu. Baret tabarma ce da na'ura ke shimfiɗawa, ta zuba abin da ta ɗebo daga rumbu ta yi aikinta a kai. Taku tabarmar ce ta yi ƙarama, shi ke nan. In an kashe wuta ma babu abin da ke saura a kanta. Mai agogo biyu bai yi maka ƙarya ba.

Barka da Ista tun yanzu.

Jikarka,
Debora

Tawa, 12 ga Afrilu 1997

Debora,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Mun yi Ista lafiya, zumuntar mata sun yi waƙa har da wadda ba a koya musu ba. Talatu na fama da haƙori. Zafi ya kai inda ƙadangaru ke neman inuwar junansu.

Saƙonki ya iso ranar Talata, ba takarda. Na girgiza kwalin, na leƙa cikin jaridar da kinka naɗe shi da ita, na tambayi Hamisu ko ta faɗi a hanya, ya ce abin da anka ba shi ke nan. Da na ga leda biyu sai na ce wa Talatu, kin gani, tarbiyyar Albarka ba ta faɗi ƙasa ba. Na roƙi na buro guda, yarinyar nan ta tuna muna da maƙwabta, ta aiko musu da tasu tsarabar.

Na kira Aghali munka baje su a tebur. Abubuwa ne koraye, tsawon yatsa da rabi, da haƙora kamar na matsefi a gefe ɗaya. Ni ban ga bambanci ba. Aghali da ya yi gyaran rediyo a Tamanrasset shi ya kai su kusa da ido, ya ce, "Mushe, waɗannan ƙwayoyinsu tara-tara, waɗannan takwas-takwas."

Na ƙirga da kaina, haka ne.

Ke kina nesa, ba ki san tsakar gidan nan ba. Shekara biyu ke nan da anka sa hannu kan zaman lafiya a arewa, kuma a nan ko buta anka saya wa buro ɗaya sai ɗayan ya zo ya auna bakinta. In na ba su masu takwas, kafin la'asar Rissa, shugaban makiyaya, ya ji cewa an ba su ragowa. In na riƙe masu takwas, Alƙasum, shugaban manoma, zai ce sakatarensa ya saida su a kan kofin shayi. Aghali ya ce to shi ya yafe, in riƙe duka huɗun. Na ce wannan ne ma zai kai mu gaban hakimi.

Sai na tuna yadda mahaifina ke rabon naman watanda a Dogon Dutsi. Ba ya ba mutum ɗaya cinya ya ba wani haƙarƙari. Kowane kashi sai ya sa masa tsoka ya sa masa ƙashi. Na ce kowa ya ɗauki mai tara guda da mai takwas guda. Sha bakwai nan, sha bakwai can. Aghali ya ce shekara talatin da na yi ina koyar da lissafi ba su tafi a banza ba.

Jiya munka kira shugabannin biyu su shaida, don dukansu suna gari, kuma buɗe na'ura ba da saninsu ba wata fitina ce. Aghali ya kwance kusoshin. Gurbi biyu ne kacal a ciki, tsofaffin na zaune a kai. Rissa ya nuna su da bakin sandarsa ya ce, "Taswirar cikin waɗanga take?"

Na ce, "Haka nake zato, tunda ƙwaƙwalwa ake ce musu."

Aghali ya ce shi ya taɓa jin ba haka ba ne.

Rissa ya ce, "Ka ji, ko ka gani?"

Aghali ya ci gaba da aikinsa. Ya zare tsofaffin, ya sa sababbin, nan da can. Munka kunna tamu. Ta yi kuka uku gajeru, kamar ɗan tsakon da anka taka, gilashi baƙi ƙirin. Munka tsallaka tsakar gida munka kunna tasu. Ta yi kukan nan dai, ba ƙari ba ragi. Na ce ko ba komai rabon ya yi daidai. Babu wanda ya yi dariya.

Na ce to a maida tsofaffin. Ashe Rissa ya riga ya dunƙule nasu a hannu. Ya ce, "Mushe, kai ka kawo abin da ya kashe muna na'ura. Taswirarmu na cikin waɗanga, da bakinka ka faɗa. Ba ta sake shiga inda hannun manomi ka kaiwa." Da Alƙasum ya ji haka sai ya ɗauke namu ya sa aljihu, ya ce shi ma ba jiya anka haife shi ba. Kafin magariba kowannensu ya je wurin baduku an ɗinke masa nasa cikin fata kamar laya, ya rataya a wuya. Rissa ya sa wa buronsu kwaɗo nasa na kansa, sababbin baret ɗinsu na ciki, ya koma rijiyoyin Tebaram wurin raƙumansa. Alƙasum ya shiga motar Takanamat.

Yau Aghali na zaune a dakalin buronsa da ke kulle, ni a nawa. An hana shi magana da ni. Yana dafa shayi, ya je ya ajiye kofi gindin bedi ya koma, ni kuma in je in ɗauka kamar na tsinci abin da wani ya manta.

Ki gaya mini, mutuwa na'urorin nan sunka yi ko suma? Masu tara su ne mazan? Ko sai an bar su sun kwana biyu sun saba da juna? Saura kwana arba'in da 'yan kai.

Kakanki,
Istifanus

Abijan, 29 ga Afrilu 1997

Kaka,

Ina fata kuna lafiya, da haƙorin Inna. Ni dai ba ni da ita tun da na karanta wasiƙarka a tsaye cikin tashar albasa.

Watanda! Kaka, watanda ka yi da kayan kantinmu? Wato takardata ba ta iso ba. Na bi sawun direban, an ce kamyonsa ya lalace a Fada Ngurma, yana zaune yana jiran wani ƙarfe daga Lome, wasiƙata na aljihunsa. Na je kabin, ɗakin wayar kuɗi, na buga lambar gidan fasto, an ce ya tafi taro Maraɗi. Wanda ya ɗauka ya ce Istifanus wanne, kafin in gama bayani layi ya yanke.

Ba su mutu ba, ba su suma ba. Kuka suke don an haɗa musu abin da ba ya haɗuwa. Ba su da maza ba su da mata, kuma ko shekara sunka yi tare ba za su saba ba. Masu tara biyu tare, ko masu takwas biyu tare, cikin na'ura guda. Taswirarku na nan cikin akwatunan biyu, ba ta je Tebaram ba, ba ta je Takanamat ba. Abin da mutanen nan ke rataye da shi babu komai a ciki.

In ba ka samu ƙirga tsofaffin ba, ka gwada masu tara. In ta yi kuka ka kashe ka gwada masu takwas. Babu abin da zai ƙone. Ko sau goma ka gwada ba laifi.

Ka gaishe mini da Aghali. Ban san shi ba, amma ina jin tausayinsa.

Debora

Tawa, 14 ga Mayu 1997

Jikata,

Muna lafiya. An cire wa Talatu haƙorin, ta dawo da maganarta duka.

Takardarki ta ashirin da huɗu ga Maris ta iso ranar Asabar, da tabon man inji a kusurwa, bayan ta yi wata ɗaya da rabi tana yawon buɗe ido. Na karanta sau uku. Na karanta wa Talatu, ta ce rumbu da tabarma, ai wannan ko ita ta gane, wane ne bai gane ba? Ran Litinin na fito tsakar gidan buro na tsaya gaban bedi na karanta mata da ƙarfi tun daga farko, tunda ita ba a hana ta jin maganata ba. Da na gama sai Aghali ya ce daga dakalinsa, "Bedi, ki gaya wa mushe na faɗa masa."

Kin ce a ƙirga tsofaffin. Tsofaffin na wuyan mutane. Babu wanda ya ƙirga su ranar, duk hankalinmu na kan baƙi. Jiya na hau motar kasuwa na tafi Takanamat, ni da buhunan gishiri. Na tarar da Alƙasum a zaurensa, na yi masa bayanin rumbu da tabarma. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ita jikar taka ta taɓa ganin na'urarmu? Kai da kanka ka ce ko lambarta ba ta sani ba." Na ce laifina ne wannan. Ya ce ai ya lura laifina na da yawa bana. Ya ce in Rissa bai farke tasa ba, shi ba ya farke tasa.

Da ƙyar ya yarda in shafa ta bayan fata. Na bi da babban yatsa a hankali na sami tara. Shi ya bi ya sami takwas. Munka ba limamin garin, mutum mai gaskiya, ya sami goma sha ɗaya, don ya haɗa da ɗinkin. Na dawo Tawa da ciwon baya.

Aghali ya aika wa Rissa da saƙo tun ran Litinin, yau amsa ta zo ta bakin wani mai saida cuku. Rissa ya ce zai zo kwana uku kafin taro. Zai buɗe kwaɗo gaban shaidu, a kunna na'ura sau ɗaya. Sau ɗaya, ya ce a nanata mini. In ta sake kuka, zai tsaya a Affala ya gaya wa mutanensa manoma sun lalata taswira da gangan don su shuka cikin burtali, kuma babu makiyayin da zai dangwala yatsa.

To ga ni. Masu tara ko masu takwas? Talatu ta ce masu tara, don duk abin da ke da mai gadi ya fi wanda ba shi da shi. Aghali ya gaya wa bedi masu takwas, don projen nan bai taɓa sayen abu mai ƙari ba, ko kujerunsa ba su da hannu. Ni ina da ɗaya-ɗaya cikin aljihun tebur, ina fiddo su in dube su, ba su ce mini komai ba. Kuma ba ki faɗa ba: in anka sa waɗanda ba su ba, rumbun na ƙonewa?

Na san amsarki ba za ta riske ni ba. Ina rubutu ne don in na zauna shiru Talatu na zaton ciwo ne. Hadari ya fara leƙowa gabas, maƙera na ta gyaran sungumi.

Kakanki,
Istifanus

Tawa, 4 ga Yuni 1997

Debora,

Gaisuwa da fatan alheri. An yi ruwa shekaranjiya, ba mai yawa ba, amma waɗanda ba su da haƙuri sun shuka.

Takardarki ta biyu ta iso jiya, bayan an gama komai, ga abin da ta ce: Ko sau goma ka gwada ba laifi. Na gode ƙwarai. Na ajiye ta don wata shekarar.

Ga yadda anka yi. Rissa ya zo ranar da ya ce, da mutum huɗu. Alƙasum ya ji haka ya zo da biyar. Ni tun da safe na sa anka ɗauko injin bugawa daga burona cikin baro, anka ajiye shi ƙofar buron makiyaya, da takardu, da baret ɗina biyu a kai.

Alƙasum ya ce, "Mushe, mi ke nan?"

Na ce, "Na'ura guda ce za ta tashi yau. In tamu ce ta buga, Rissa zai ce taswirar manoma ce. In tasu ce, kai ka san kowace gona da sunan mai ita, sai ka duba da idonka."

Ya ce, "Kai sakataren wa ne?"

Na ce, "Naku ne. Har zuwa la'asar dai."

Sannan na juya wurin Rissa. Na ce, "Ga injinmu, ga rabonmu, komai na ƙofarka. Abu guda nake roƙo. Jikata ta ce sababbin su zama irin tsofaffin. Ka farke layar nan ka ƙirga da kanka. Ba zan taɓa ba, ba zan ko matso ba." Na ja baya har gindin bishiya.

Rissa ya kama layar da ke wuyansa. Ya ce, "In na buɗe iska ta shiga fa?"

Aghali ya matsa kusa da shi ya yi masa magana da Tamashek, doguwa, a hankali. Ban san abin da ya ce ba, kuma har yau ya ƙi gaya mini. Na dai ga Rissa ya dubi injin bugawa cikin baro, ya dubi Alƙasum da ke huci, kamar yana auna ko hucin na gaske ne. Sai ya zaro wuƙa daga damtsensa ya tsinke ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. Ya aza abin a tafin hannu, ya bi ƙwayoyin da tsinin wuƙa. Ya ce, "Tara." Ya ɗauki na biyun. Ya ce, "Tara."

Anka buɗe kwaɗo. Aghali ya zare mai takwas ɗin da ke cikin na'urarsu, ya sa mai tara nawa kusa da nasa. Rissa da kansa ya danna. Ta yi kuka guda, gajere, ba irin na da ba, irin na mutumin da ke gyaran murya. Haruffa sunka gudana. Aghali ya buga abin da ake bugawa. Ga Affala, ga Takanamat, ga jan layin burtali yana lanƙwasa ta bayan fadama.

Rissa ya dubi gilashi. Ya dubi tafin hannunsa, tsofaffin na kwance a ciki. Ya sake duban gilashi. Ya ce, "To mi nika rataye da shi kwana arba'in?"

Na dai ga Alƙasum ya tura tasa layar cikin riga a hankali.

Bugawar ta kai mu la'asar sakaliya. A takarda ta sha huɗu wuta ta ɗauke, mutum goma sha uku munka yi salati tare, har da ni. Da ta dawo taswirar na nan. Alƙasum ya bi takardun ɗaya-ɗaya da yatsa, yana kiran sunayen masu gonaki kamar mai kiran 'yan aji, bai sami inda anka ci ko taki guda ba. Na ga alamar ya so ya samu.

A Affala ƙauye ashirin da ɗaya sun dangwala. Mai gari ɗaya na kwance ba lafiya, an kai masa gida daga baya. Ɗaya ya ce sai ya yi shawara da ƙanensa da ke Libiya. Ƙauyen nan na bayan Takanamat su sunka fara, kuma mai hannun da bai miƙe ba da hagu ya dangwala a matsayin shaida. An fara kafa duwatsu a bakin burtali. Alƙasum bai kore ni ba, bai kuma amsa gaisuwata yadda ya kamata ba tukuna. Na'urarmu na nan tana barci, don har yau bai farke layarsa ba, ya ce yana jira ya ga damina.

Masu takwas na hannun Hamisu, cikin leda guda, tare. Ki ce wa patron ɗinki ban raba su ba wannan karon. Talatu ta sa miki kilishi da garin zogale. Ta ce in rubuta cewa ita ta ce tara. Na rubuta.

Kakanki,
Istifanus

Na manta wani abu. Kafin mu bar Affala labari ya riga mu shiga kasuwa. Mai saida goro ya gaya mini wai a Tawa akwai na'urar da anka cire wa ƙwaƙwalwa anka kai ta Tebaram bisa raƙumi, ita kuwa tana nan zaune tana zana gonaki. Wata mai fura ta ce ba Tebaram ba, Agadas. A motar dawowa wani ya rantse mini har magana ta yi da Tamashek. Wanda ya ba ni labarin na ƙarshe jiya ne, a tsakar gidan buro. Ya ba ni shi tun daga farko, a natse, kamar ba na wurin ranar. Ya ce shi dama ya san haka abin yake, wani tsohon mushe ne ya ruɗa mutane. Layar na wuyansa, an sake ɗinke ta. Rissa ne.